Wata Uku Ina Auna Halina

Likitan haƙori ne ya fara tona mini asiri. Na je wurinsa saboda wani matauni na hagu da ke yi mini tsami duk lokacin da na kurɓi ruwan sanyi. Ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke takunkuminsa ya ce, "Malam, kana cije haƙora cikin barci?" Na ce ban sani ba. Ya ɗauko ƙaramin madubi ya nuna mini da idona: saman matauna duka ya goge sumul kamar an wasa su a dutse, ɗaya kuma ya tsage. Ya ce yakan ga haka a bakin mutanen da ke cikin matsi, ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Na yi murmushi na ce lafiya lau. Har ga Allah, a lokacin haka na ɗauka.

Shekara 11 ke nan ina aikin lissafin kuɗi a ofis ɗaya, kuma sunan da na yi shi ne mai haƙuri. In aiki ya cakuɗe a ƙarshen wata, ni ake turo wa. In wani babba ya ɗaga murya, kowa ya san ni ba zan tanka ba, zan ce "to, Yallaɓai, za a gyara" in koma kujerata. Ina alfahari da wannan suna. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to tawa fuskar ta daɗe da daina ba da labari, har ni kaina na koma ina tambayarta ina gaskata amsar da take ba ni.

A hanyar komawa gida maganar likitan ta ƙi barina. Ga abu biyu a gabana sun ƙi haɗuwa: mutumin da ba abin da ke ɗaga masa hankali, da haƙorin da ya tsage don cizo. A aikinmu in jimilla biyu suka saɓa, ba a zaɓar wadda ta fi daɗin gani, rasit ake komawa a bi ɗaya bayan ɗaya. Sai na ce bari in yi wa kaina irin wannan binciken.

Na fara da abin da ya fi sauƙin samu a intanet, irin gwajin nan da ke raba mutane gida 16, kowane gida da haruffansa huɗu. Minti 12 na gama. Bayanin da ya fito ya yi mini daɗi ƙwarai: mai amana, mai zurfin tunani, ginshiƙin da jama'a ke jingina da shi. Na karanta sau biyu ina gyaɗa kai. Bayan kwana goma na sake yi, sai harafi ɗaya ya canza, aka jefa ni wani gidan daban, kuma shi ma sabon bayanin na ji ya dace da ni daram. Nan jikina ya fara yin sanyi da abin. Dalilin canjin ba boyayye ba ne: yawancin mutane a tsakiya suke a kowane hali, in kuwa aka ja layi a tsakiyar aka ce ko kana nan ko kana can, amsa ɗaya ko biyu ta isa ta tsallakar da kai.

A lokacin ne na ci karo da labarin Bertram Forer, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka. A 1948 ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka, ka ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da kai. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, jimlolin kuma ya tsinto su ne daga wani littafin duban taurari. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk bayanin da na ji ya yi mini daɗi nan take, sai na tambayi kaina ko akwai mutumin da ba zai dace da shi ba.

Ma'aunin da na koma kansa shi ne wanda masu bincike suka fi aiki da shi, na manyan halaye biyar. Asalinsa ya burge ni, don daga harshe ya fito. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su, bisa tunanin cewa duk halin da ya dami mutane a zamansu da juna, sai sun raɗa masa suna. Na tsaya na yi tunanin namu: mai kawaici, mai rowa, mai fara'a, miskili, mai riƙo, mai rawar kai, mai zafin rai. Kowace kalma a nan wani ne ya zauna da wani har ya ga abin ya ba shi suna. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tace kalmomin da lissafi, suna duba waɗanda ke tafiya tare, har suka tsaya kan rukuni biyar: son sabon abu da buɗaɗɗen tunani; tsare aiki da cika alkawari; son shiga jama'a da kuzari; sauƙin kai da tausayi; sai saurin shiga damuwa. Paul Costa da Robert McCrae suka fitar da fitaccen gwajinsu mai jimloli 240 a 1992. Lewis Goldberg kuma ya assasa wata taskar tambayoyi mai suna IPIP, wadda kowa zai iya amfani da ita kyauta. Daga cikinta ne John Johnson ya tsara gwaji mai jimloli 120, kuma shi na yi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana ba ka jimla, ka faɗi yadda ta dace da kai, daga "ko kusa" zuwa "ƙwarai da gaske", mataki biyar. Wahalar ba a nan take ba. Ban kai jimla ta 20 ba na lura cewa mutum biyu ne ke amsawa: wanda nake, da wanda nake so a ce ni ne. Na biyun ya fi saurin hannu. Aka zo wata jimla kan ko abu kaɗan yana ɓata mini rai, kafin in yi tunani yatsana ya riga ya danna "ko kusa". Na tsaya. A safiyar ranar nan wani abokin aiki ya wuce ta gaban teburina bai amsa gaisuwata ba, kuma har zuwa lokacin da nake zaune ina amsa tambayar, ƙarfe tara na dare, ina jujjuya abin a raina. Na goge duk amsoshin na sake daga farko da sabuwar ƙa'ida: kowace jimla sai na tuno karo na ƙarshe da abin ya faru a zahiri, da rana da wuri, kafin in amsa. Gwajin da ake gamawa cikin minti 20 ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya.

Sakamakon yana zuwa ne a matsayin gwadawa da sauran waɗanda suka amsa, masu jinsinka da kusan shekarunka. A tsare aiki na sami 88, wato cikin mutum 100 na wuce 88. Wannan bai ba ni mamaki ba. A sauƙin kai ma ina sama. A saurin shiga damuwa kuwa na sami 58, kusan tsakiya, har na fara cewa to ai shi ke nan, ba ni da matsala. Amma kowane babban hali an kasa shi gida shida, kuma duk mai lissafi ya san yadda jimilla ke haɗiye abin da ke cikinta. Da na buɗe na ga saurin fushi yana ƙasa sosai, shi ne ya janyo jimillar ƙasa. Fargaba 80. Damuwa da yadda mutane ke kallona 84. Rikicewa in abubuwa suka taru 75. A wani rukunin kuma, iya tsayawa a faɗi ra'ayi a gaban mutane, 12.

Na daɗe ina kallon 84 da 12 ɗin nan gefe da gefe. Mutum ne da abin da ake tunani a kansa ke cin ransa, kuma ba ya iya buɗe baki ya tambaya.

Ban ɗauki lambobin kamar hukuncin alƙali ba. Jimlolin da Turanci suke, waɗanda aka gwada ni da su kuma mutane ne da suka ga dama suka amsa a intanet, galibinsu daga ƙasashen da ake Turanci. Abin da wani wuri zai kira rashin iya magana, a wani wurin ladabi ne. Duk da haka gibin da ke tsakanin lambobin nan biyu ya fi ƙarfin a ce bambancin tarbiyya ne kawai.

Washegari na yi gwaji biyu gajeru. Na farko ma'aunin matsi ne da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka fitar a 1983, na yi mai tambaya 10. Kowace tambaya kan watan da ya wuce take, ana ba da maki daga 0 zuwa 4, jimilla ba ta wuce 40. Abin da ya ja hankalina shi ne ba ya tambayar me ya same ka. Yana tambaya ne sau nawa ka ji al'amura sun fi ƙarfinka, sau nawa ka ji sun taru har ba ka san ta inda za ka fara ba. Na sami 27. Akwai wani tsohon ma'auni na Thomas Holmes da Richard Rahe na 1967 da ya jero manyan al'amuran rayuwa 43 ya ba kowanne maki: rasuwar abokin aure 100, mutuwar aure 73, yin aure kansa 50. Da na bi wannan jerin, kusan babu abin da na ɗauka. Ba a yi mini rasuwa ba, ba a kore ni aiki ba, ban yi jinya ba. Sai na gane dalilin da ya sa na ce wa likita lafiya lau: irin wannan jerin nake dubawa a kaina, in ga babu babbar masifa, in ce to ba ni da hujjar gajiya.

Na biyun jimloli shida ne kacal, Bruce Smith da abokansa na Jami'ar New Mexico suka wallafa shi a 2008, kuma juriya yake aunawa. Na shiga da ƙarfin gwiwa, don a ganina nan ne fagena. Sai na tarar babu jimla ko ɗaya da ta tambayi ko kana iya danne zuciya, ko kana iya ci gaba da aiki cikin wahala. Duk shidan abu ɗaya suke zagayawa: in abu ya buge ka, tsawon wane lokaci kake ɗauka kafin ka dawo daidai? Ana tara maki a raba shida, daga 1 zuwa 5. Na sami 2.5.

Wannan lambar ta yi mini ciwo fiye da sauran duka. Na rufe kwamfutar na yi kwana huɗu ban koma kan maganar ba.

Da na dawo, na ga ba zai yiwu in zama ni ne mai ƙara, ni ne shaida, ni ne alƙali ba. Na tsamo jimloli 20 na buga a takarda, na mayar da su kan wani, wato "yakan yi kaza" a maimakon "nakan yi kaza", na ba mutum biyu su auna ni: wani abokin aiki da muka yi shekara takwas tebur na kallon tebur, da yayata da ta girme ni da shekara bakwai.

Abokin aikin ya ba ni maki cikakke a natsuwa. A wurinsa ni dutse ne. Amma a jimlar da ta shafi yarda da mutane, inda na ba kaina huɗu, shi biyu ya ba ni. Na tambaye shi dalili. Ya yi dariya ya ce, "Mutumina, kai fa ba ka taɓa karɓar aikin wani ka wuce da shi ba. Ko ni na haɗa lissafi, sai ka zauna bayan an tashi ka sake bi layi-layi. Kana tsammanin ba ma gani?" Wallahi ban taɓa kallon abin a matsayin rashin yarda ba, ni a wurina kula ce. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara takwas ban sani ba.

Yaya kuwa ta karɓi takardar ta sa tabarau, ta karanta har ƙasa, ta ajiye ba ta rubuta komai ba. Ta ce, "Ƙanena, ba sai na cika wannan ba. Ka tuna ranar da Baba ya yi maka faɗa kan keken da ba kai ka lalata ba?" Na ce na tuna sama-sama. Ta ce, "Ba ka yi kuka ba, ba ka ce ba kai ba ne. Kowa ya ce yaron nan akwai haƙuri. Ni kuwa da muke ɗaki ɗaya na san kwana uku ka yi kana juyi a shimfiɗa." Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Kai zurfin ciki gare ka. Mai haƙuri in ya ce ya wuce, ya wuce. Kai kuwa sai an watse kake fara naka."

Na ce, "Yaya, me ya hana ki gaya mini tuntuni?" Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Daga baya na karanta aikin Simine Vazire na 2010, wanda ya nuna cewa sanin mutum a rabe yake tsakaninsa da na kusa da shi. Abin da ke ɓoye a ciki, kamar fargaba, mai shi ya fi kowa sani. Abin da ya shafi yabo ko zargi kuwa, inda son kai ke rufe ido, sau da yawa abokai sun fi shi gani. Haka na gani a takarduna biyu. Abokin aikina bai san komai game da darena ba, ni kuma ban san yadda nake a idon masu aiki da ni ba. Yaya ta san daren ne kawai don ta kwana kusa da shi.

Maganarta ce ta haifar da ɓangaren da ya fi amfanar da ni, wanda babu wani shafin intanet a cikinsa. Na sami ƙaramin littafi na ja layi biyar. Duk lokacin da wani abu ya sosa mini rai, zan rubuta abin da ya faru, abin da na faɗa wa kaina a lokacin, inda na ji shi a jiki, da ƙarfinsa daga 0 zuwa 10. Layi na biyar shi ne lokacin da abin ya sake ni, da awa da minti. Shi ne ya fi wuyar cikawa, don sai ka koma baya ka lura cewa kafaɗunka sun sauka. Na yi mako shida ina wannan.

Ga biyu daga ciki, yadda na rubuta su. Wata Laraba da yamma, saura kwana ɗaya a miƙa rahoton wata, kwamfutata ta ɗauke, aikin awa uku ya tafi. Ƙarfi: 8. Ƙirji ya buga, tafin hannu ya yi gumi. Na sake kunnawa, na fara shigar da lambobin daga farko. Ya sake ni bayan minti 40, tun ban gama aikin ba. Na biyun wata Talata ce, ƙarfe 10:20 na safe. Shugaban sashenmu ya turo saƙo: "Ka same ni in ka sami sarari." Na je, ya fita, aka ce sai gobe. Ƙarfi: 5 kawai. A layi na biyu na rubuta: "Ya ga kuskure a rahoton da ya wuce." Da rana na sake bin rahoton, ban ga komai ba. Da dare na tuno wata magana da ya yi mako biyu baya, na fara yi mata sabuwar fassara. Ƙarfe uku na dare na farka muƙamuƙina a ɗaure, ina shirya amsoshin tuhumar da ba a yi mini ba. Washegari ƙarfe 11 na shiga ofishinsa. Hannu yake so in sa a wata takarda. Kusan awa 25 ke nan abin yana riƙe da ni.

Da na jera shafukan duka, abin ya fito fili. Yawan aiki, ƙurewar lokaci, lalacewar na'ura, duk suna bugu da ƙarfi amma ba sa kwana. Masu kwana su ne ƙanana: saƙon da ba a amsa ba, fuskar da ta canza, maganar da na so in yi na haɗiye, aikin da aka ɗora mini na ce to alhali raina ya ce a'a. Kuma kusan kowannensu tambaya ɗaya ko jimla ɗaya za ta iya kashe shi a take.

Richard Lazarus da Susan Folkman sun yi bayani a 1984 cewa matsi yana tasowa ne daga hukunci biyu da zuciya ke yankewa cikin ƙiftawar ido: shin wannan abin barazana ne gare ni, kuma shin ina da abin tunkararsa? Suka kuma raba hanyoyin fama da shi gida biyu, ko ka tunkari matsalar kanta, ko ka lallashi abin da ta tayar maka a rai. Littafina ya nuna cewa in matsalar ta lambobi ce, hukunci na biyu yana fitowa da "e" nan da nan. In ta mutane ce, ba ni da makami ko ɗaya sai shiru. Shirun kuma ba ya kashe maganar, ciki yake turata, in yi ta saƙa da warwara. Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tana nazarin wannan ɗabi'a ta maimaita tunani ɗaya ba tare da an kai ga mataki ba, ta nuna yadda take tsawaita baƙin ciki. Ni kalmar da ta zo mini ita ce tuƙa, yadda akuya ke dawo da abin da ta riga ta haɗiye ta sake taunawa. Jiki kuma ba ya bambance barazanar da ke gabanka da wadda kake tunowa a kan gado. Sinadaran da ke shirya mutum don faɗa ko gudu, adirenalin da kotisol, an yi su ne su tashi su yi aikinsu su sauka. Tun 1936 Hans Selye ya nuna a jikin ɓeraye cewa in matsi ya ƙi ɗagawa, jiki yakan yi ta turjiya har ƙarfinsa ya ƙare. Nawa turjiyar a matauna ta sauka.

Abin da na canza ba shi da yawa. Mafi girma shi ne dokar awa ɗaya: in wani abu tsakanina da mutum ya tsaya mini a rai, kuma tambaya za ta iya warware shi, to sai na yi tambayar kafin awa ta cika. Karon farko da na gwada, saƙo ne irin wancan ya sake zuwa. Na rubuta amsa na goge sau huɗu. A ƙarshe na tura: "To, Yallaɓai. A kan wane batu ne, don in zo da takardun da suka dace?" Zuciyata na bugawa kamar na yi rashin kunya. Bayan minti biyu ya amsa da kalma uku, batun hutun ma'aikata ne. Na rubuta a layi na biyar: minti 9. Na zauna ina kallon lambar nan kusa da 25 ɗin da ke shafin baya.

Abin da tambaya ba za ta warware ba kuma, nakan zauna da yamma in rubuta shi minti 15, duk yadda ya zo, ba gyara. James Pennebaker ne ya fara gwada irin wannan rubutun da ɗalibai a 1986. A wurina amfaninsa shi ne maganar da ta sauka a takarda ba ta cika tashina da dare ba. Na kuma daina sake bin lissafin abokin aikina. Makon farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ba a tafi a miƙe ba. A mako na tara wani babba ya kushe aikina a gaban taro kan kuskuren da ba daga wurina ya fito ba. Na ce "za a gyara", na koma kujerata, awa ta cika ban ce uffan ba, kwana biyu kuma ban yi barcin kirki ba. Keken nan ne na Baba ya dawo. Sai a rana ta uku na same shi shi kaɗai na nuna masa inda lambar ta samo asali. Ya ce bai sani ba, ya ba ni haƙuri. A wannan makon ne na je na ga likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa, na tafi da littafina. Gwaje-gwajen nan ba sa gano cuta, ba a kuma yi su don haka ba. Wanda ya kai mako biyu barci ya ƙaurace masa, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, likita ya kamata ya nufa, kada ya tsaya ƙirga maki. Likitan da na gani ya yi mini tambayoyin da babu takardar da ta yi mini, ya ce in ci gaba da littafin, muka sa ranar komawa.

Mun taso muna jin cewa hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Brent Roberts da abokansa sun tattara bincike 92 da suka bi mutane tsawon shekaru, suka wallafa a 2006 cewa yawanci mutum yana ƙara natsuwa da tsare aiki yayin da yake girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. A 2017 kuma suka duba bincike 207 suka ga cewa jinyar da ake yi ta hanyar tattaunawa da makamantanta tana iya motsa hali cikin watanni, kuma saurin shiga damuwa ne ya fi motsawa.

Da wata uku suka cika na sake gwaje-gwajen uku. Manyan halayen nan biyar kusan suna inda na bar su. 84 ta koma 79, 12 ta koma 18, bambancin da zai iya zama na yanayin ranar kawai. Ma'aunin matsi ya sauka daga 27 zuwa 19, kodayake watan bai kai wancan cunkoso ba, don haka ba zan ba dokar awa ɗaya ladan duka ba. Juriya ta tashi daga 2.5 zuwa 3.0. Wadda na fi yarda da ita ita ce ta layi na biyar, don ita ba ra'ayina game da kaina ba ce, agogo ne. A mako shidan farko abubuwa 14 ne suka kwana da ni. A mako shidan ƙarshe, biyar.

Makon jiya na koma wurin likitan haƙori. Tun zuwan farko ya cike mataunin da ya tsage, ya kuma yi mini wata roba da nake sawa a baki in zan kwanta. Ya ce in zo da ita. Ya ɗaga ta a gaban fitila yana jujjuyawa, ya nuna mini sawun haƙora a gefen hagu, inda robar ta fara lotsawa. Ya ce, "Har yanzu kana cizo, Malam." Na ce na sani, kuma yanzu in na tashi da safe na ji muƙamuƙina ya yi nauyi, ina iya buɗe littafina in nuna abin da ya jawo. Ya wanke robar ya mayar mini da ita a kwalinta, ya ce in dawo bayan wata shida.